A Bar Iya Ta Yi Tatsuniyarta

Ran nan da dare, bayan sallar lisha, ina zaune a zauren wani maƙwabcina a nan Tudun Wada muna taɓa hira, sai muka ji muryar mahaifiyarsa daga cikin gida ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Jikoki suka amsa baki ɗaya. Ni dai sai na ji raina ya yi fari, domin rabona da jin wannan amsa a unguwarmu har na manta. Shi kuwa maigidan sai ya ɗaure fuska, ya tashi ya leƙa tsakar gida, ya ce, "Haba Iya, ba na ce a daina cika wa yaran nan kunne da ƙarya ba? Gobe fa da makaranta." Tsohuwa ta ce, "To, Malam, na bari." Ɗanta na fari ne, ba ta kama sunansa. Gida ya yi tsit. Jim kaɗan ƙaramin cikinsu ya ɓarke da kuka, uban ya zaro waya daga aljihu ya miƙa wa babban, ya ce su je ɗaki su yi kallo.

Ban ce masa kome ba a daren nan, don ba a yi wa mutum faɗa a zaurensa. Amma abin ya tsaya mini a rai, har ya sa na ɗauki alƙalami. Ku kuwa da kuka fita ajin yaƙi da jahilci, da ku na ke, domin na lura wannan ciwo ya fi kama wanda bai daɗe da iya karatu ba. Da zarar mutum ya iya haɗa baƙi da wasali, ya karanta takardar asibiti da kansa, sai ya fara ganin duk abin da ba a rubuce ya ke ba shirme ne, har da abin da ya raine shi. Maƙwabcin nan nawa mutumin kirki ne, yana ciyar da uwarsa, yana durƙusawa ya gaishe ta kowace safiya. Abin da bai tambayi kansa ba shi ne, ina ya koyi durƙuson?

Bari mu fara da zargin ƙarya, tun da shi ne babban makamin masu hani. Ƙarya ita ce ka faɗa wa mutum abin da ba haka ya ke ba don ya ɗauka haka ne. Mai tatsuniya kuwa tun daga buɗe baki ta kafa alama, ta ce ga ta nan, kowa ya san an shiga wani fage dabam. In ta gama ta ce ƙurunƙus, sau da yawa har ta kan ƙara da cewa ai da ma ƙarya ce ta shara, don Gizo ne. Wane maƙaryaci ne ya ke shelar ƙaryarsa gaba da baya? Yaro ɗan shekara huɗu ya san kura ba ta magana. Bahaushe tun tuni ya rarrabe zantuttukansa, ya ba kowanne suna: ƙissa dabam, ita ce ta annabawa da sahabbai, ba a wasa da ita, labari dabam, tarihi dabam, tatsuniya dabam. Ba mu taɓa jin tsohuwar da ta rikita su ba. Har doka aka yi wa tatsuniya, aka ce ba a yin ta da rana, wai wanda ya yi zai ɓata a kasuwa. Ma'anar dokar a fili ta ke, watau rana ta aiki ce, kada yarinya ta bar daka ta zauna sauraron Gizo.

In kuwa wani ya ce malamai sun ƙi ta, sai ya duba littattafai. A ƙarni na 8 na Miladiyya Ibnul Muƙaffa ya juya littafin Kalila wa Dimna daga Farisanci zuwa Larabci. Asalinsa daga Indiya ne, manyan taurarinsa kuwa diloli ne guda biyu a fadar zaki, suna magana suna ƙulla makirci. Masana Larabci sun yi ƙarnuka suna karanta shi, ba su ce mawallafinsa maƙaryaci ne ba. A ƙasarmu ma, tatsuniyoyin da Frank Edgar ya buga cikin littafi uku daga 1911 zuwa 1913, yawancinsu malamai ne suka rubuta su da ajami, shi ya mai da su boko. Haka nan waɗanda Rattray ya buga a 1913, wani malami Bahaushe a ƙasar da a ke kira Ghana yanzu, Malam Shaihu, shi ya rubuta su da hannunsa.

To, yanzu sai mu duba yadda abin ya ke aiki, domin nan ne masu hani ba su taɓa tsayawa sun duba ba. Zan ɗauki tatsuniyar 'yar mowa da 'yar bora, yadda na ji ta a bakin kakata. Na san a waɗansu garuruwa akwai ɗan bambanci. Wani mutum yana da mata biyu, kowacce da 'yarta ɗaya. Da dare 'yar mowa ta yi fitsari a kan ƙirgi, da gari ya waye aka ɗora wa 'yar bora. Aka ce ba za a wanke ƙirgin nan da ruwan rijiya ba, sai ta kai shi ruwan Bagaja, wanda ba wanda ya san inda ya ke. Yarinya ta naɗe ƙirgi ta kama hanya. Duk kogin da ta tarar sai ta tsaya ta yi masa waƙa, ta tambaye shi ko shi ne Bagaja. Wannan ya ce shi na fura ne, wancan ya ce shi na zuma ne, kowanne ya ce ta zauna ta sha. Ita kuwa sai ta yi godiya ta wuce, don aike aka yi ta. Daga bisani ta isa wata bukka, ta yi sallama, ta tarad da Cinya zaune, cinya kawai ba gangar jiki, da Kare yana yi mata tafinta. Ba ta yi dariya ba, ta durƙusa ta gaishe su. Aka ba ta ƙwayar shinkafa ɗaya tak aka ce ta dafa musu. Ba ta yi musu ba, ta sa a tukunya, tukunya ta cika. A wani ƙaulin kuma tsohuwa ce ta tarar a bakin rafi tana wanka, bayanta duk ƙazuwa, ta ce, "'Yan nan, zo ki cuɗa ni," yarinya ta ajiye kayanta ta cuɗa ta a hankali. Ran da za ta koma gida aka nuna mata ƙwai aka ce ta zaɓa, ta ɗauki ƙarami. Aka ce kada ta fasa shi sai inda ta yi tambaya ba a amsa ba. Ta bi umurni. Da ta fasa sai ga dawaki da shanu da barori da makaɗa, ta shigo gari a kan doki.

Sa'an nan mowa ta ce ita ma 'yarta sai ta je. Ku lura da wannan, nan gwanintar ta ke. Hanyar nan ɗaya a ke sake bi, kogi bayan kogi, bukka ɗaya, shinkafa ɗaya, ƙwai ɗaya, ba a tsallake ko guda. 'Yar mowa ta zauna ta sha fura har ta yi gyatsa, ta shiga bukka ba sallama, ta ƙyalƙyale da dariya da ganin Cinya, ta ce ita ba a raina mata hankali da ƙwayar shinkafa ɗaya, ta zuba mudu guda, ta zari babban ƙwai, ta fasa shi inda muryoyi suka ce ta fasa. Yaran da ke kan tabarma sun riga sun san hanyar, saboda haka tun kafin ta yi kuskure sun hango shi. Za ka ji ɗaya ya ce, "Wayyo, kada ki sha!" wata ta ce, "Ba ta yi sallama ba!" Wa ya gaya musu rashin sallama laifi ne? Ba wanda ya gaya musu a daren nan. Su da kansu suka yanke hukunci, hukuncin da yaro ya yanke da bakinsa kuwa ya fi zama a zuciyarsa bisa wanda aka yanke masa da tsawa.

Ku duba kuma wa aka yi wa alherin. Cinya ce marar ƙafar tafiya, da kare, da tsohuwa mai ƙazuwa, watau waɗanda a ido ba su da abin da za su sāka da shi. Gaishe da sarki ba wuya, kowa ya iya, har munafuki ya fi kowa iyawa. Abin da tatsuniyar nan ta ke dasawa shi ne ladabi ga wanda ba ka jin tsoronsa, ba ka kuma sa ran samun kome a hannunsa. Wani Bature da ya koyar a nan Zariya, Kirk-Greene, ya yi lacca a kan abin da Bahaushe ya ke nufi da mutumin kirki, aka buga ta a 1974. Ya lissafa halaye irin su gaskiya da amana da karamci da haƙuri da hankali da kunya da ladabi da mutunci. In ka bi tafiyar 'yar bora daga ƙofar gida zuwa bukkar Cinya, kusan dukansu za ka tsince su a hanya, ba tare da an ambaci sunan ko ɗaya ba.

Amma fa akwai waɗansu mutane da na ke jayayya da su fiye da maƙwabcina, su ne masu son tatsuniya don ta zame musu bulala. Su a wurinsu amfaninta ɗaya ne, a tsorata yaro da Dodo ya yi shiru, a nuna wa yarinya cewa duk abin da babba ya ce sai ta bi ko da zalunci ne. Waɗannan ba su saurari tatsuniyar da kyau ba. Wa ya yi laifi a gidan mowa da bora? Yarinyar da aka aika ta wanke ƙirgi ba ta yi kome ba. Uban ne ya ƙi bincike, matarsa ta yi ƙazafi, kowane yaro kuwa ya tashi daga tabarma ya san haka sarai. Tsohuwa tana magana da jikoki, amma ai tsakar gida ba ta da ƙofa. Kishiyoyi suna ji daga ɗakunansu, maigida ma yana ji daga turaka. Sau nawa aka gyara zaman gida da tatsuniya, aka yi hannunka mai sanda, ba a kama sunan kowa ba? Ku tuna da Ta Kitse, amaryar da aka yi da kitsen sa, aka ce kada a sa ta aikin wuta ko na rana, da sarki ya yi tafiya kishiyoyi suka tilasta ta har ta narke. Wannan ba yara a ke yi wa gargaɗi da ita ba. Tatsuniya tana koya wa yaro bin na gaba, tana kuma tuna wa na gaba cewa ana kallonsa. Wanda ya karɓi rabin farko ya ƙi na biyu, son kansa ya ke yi.

Game da tsoratarwa kuwa, akwai wani gwaji da ya kamata ku ji. A 2014 wani malamin jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada, Kang Lee, da abokan aikinsa suka buga sakamakon binciken da suka yi da yara 268, 'yan shekara 3 zuwa 7. A kan bar yaro shi kaɗai a ɗaki da wani abin wasa a bayansa, a ce kada ya waiwaya. Da yawansu sun waiwaya. In an dawo sai a karanta masa labari, sa'an nan a tambaye shi ko ya duba. Waɗansu aka karanta musu labarin yaron da hancinsa ke tsawo in ya yi ƙarya, waɗansu na makiyayin da ya riƙa ihun ƙarya har ran da kerkeci ya zo da gaske ba wanda ya kawo masa gudummawa. Waɗannan labaru biyu na azaba ba su ƙara wa yaran faɗin gaskiya ba. Wanda ya yi aiki shi ne labarin yaron da ya sare itacen ubansa, ya amsa laifinsa, uban ya yaba masa. Da aka sāke labarin nan aka mai da ƙarshensa horo, sai amfaninsa ya ɓace. Gwajin a kan faɗin gaskiya aka yi shi, a wata ƙasa mai nisa, amma ni na ga ya yi daidai da abin da na gani a tsakar gida. Dokin 'yar bora ne ya ke jan zuciyar yaro. Dodo yana sa shi ya yi shiru a daren, da safe ya koma halinsa, sai dai ya ƙara da tsoron fita fitsari.

Ba zan ɓoye muku ba, tatsuniyoyinmu suna da nasu aibin, mai kāre abu kuwa in ya ɓoye aibinsa ya raunana hujjarsa. A ƙarshen tatsuniyar nan da na ba ku, abin da ya fito daga ƙwan 'yar mowa kutare ne da makafi a kan jakuna, yara su yi ta dariya. Wannan bai dace ba. An yi tafiya mai tsawo ana koya wa yaro tausayin Cinya, a ƙarshe kuma a mai da makaho abin horo da abin dariya, alhali ga makaho nan yana wucewa ta ƙofar gida kowace safiya. Haka kuma tatsuniyar budurwar da ta ƙi samarin garinsu duka, ta ce sai marar tabo a jiki, har ta auri Dodo da ya rikiɗa ya zo da siffar kyakkyawan saurayi. Asalinta gargaɗi ne a kan ruɗuwa da kyan baƙon da ba a san asalinsa ba, gargaɗi mai kyau kuwa. Amma na sha jin an karkatar da ita don a rufe bakin yarinyar da a ke so a yi wa auren dole. Maganin wannan yana hannun mai faɗa. Tatsuniya ba aya ba ce, ba a yi alkawarin kada a taɓa ta ba, kowace tsohuwa da ma tana ƙari tana ragi. Ki fitar da kunamu da zarnaƙo daga ƙwan, ki bar makaho ya wuce da mutuncinsa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Sai kuma Gizo, wanda a kan ce shi ne shaidar cewa tatsuniya tana koya wa yara cuta. Gaskiya ne Gizo maƙaryaci ne, mai haɗama, yana cutar matarsa Ƙoƙi, yana haɗa giwa da dorina su yi ta jan igiya kowacce tana zaton da shi ta ke ja, sau da yawa kuma ya kan tsira. Amma ku saurari yadda a ke faɗinsa. Da tsamin baki a ke yi masa magana, yara suna dariya tun bai gama ba. Ban taɓa ganin yaron da ya ce yana so ya zama Gizo ba, amma na ga da yawa da suka ce wa ɗan'uwansu, "Kai dai Gizo ne," sa'ad da ya ɓoye ƙosai a aljihu. An ba su suna da za su kira halin da shi, wanda ya san sunan hali kuwa ya fi saurin gane shi in ya gamu da shi a kasuwa. Yaron da aka koya wa kirki ba a nuna masa yadda macuci ya ke ba, an yi masa rabin tarbiyya, ranar da ya fara zuwa tashar mota shi kaɗai zai biya kuɗin sauran rabin.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne a ce a Tudun Wada a ke raina tatsuniya da sunan ilmi. Jama'a, ina aka buga littattafan da Arewa ta koyi karatu da su? A 1933 Hukumar Talifi ta nan Zariya, a ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta sa gasar rubuta littattafan hira. Cikin waɗanda suka yi nasara akwai na Abubakar Imam, sunan da ya sa masa kuwa, Ruwan Bagaja, daga tatsuniyar nan ta 'yar bora ya aro shi, ko da ya ke labarinsa dabam ne. Daga 1937 zuwa 1939 aka buga Magana Jari Ce cikin littafi uku. Me ke cikin na farko? Aku ne aka bar wa tsaron ɗan sarki, yaro yana so ya fita ya bi ubansa wurin yaƙi, waziri kuwa ya ƙulla masa makirci a waje, aku ya riƙa tsai da shi da labari bayan labari har hatsari ya wuce. Ashe littafin da ya fi kowane shahara a makarantunmu, ginshiƙinsa shi ne a riƙe yaro a kan umurnin ubansa da daɗin labari, ba da sanda ba. A 1939 aka fara jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, Imam ne editanta na Hausa. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a nan unguwar. A cikin shekarun 1950 hukumar NORLA ta riƙa buga ƙananan littattafai da jaridun larduna, irin su Bazazzaga ta lardin Zazzau, domin ɗaliban yaƙi da jahilci su sami abin karantawa kada karatunsu ya zube, har aka rufe ta a 1959. Daga baya Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni cikin littafi shida, aka buga a farkon shekarun 1970, yara suka yi ta karanta su a firamare. Mutanen da suka kawo mana boko da Hausa ba su ga tatsuniya abin kunya ba ne, sai mu da muka tsinci karatun a hannunsu?

Turawan ma da a ke kwaikwayo ba su yar da tasu ba. A 1812 waɗansu 'yan'uwa biyu Jamusawa, Grimm, suka fara buga tatsuniyoyin ƙasarsu. A ciki akwai ta wata yarinya da matar uba ta ke wahalarwa, ta faɗa rijiya, ta tarad da gurasa tana kuka a tanda ta fitar da ita, ta yi wa wata tsohuwa aiki da zuciya ɗaya, aka yi mata ruwan zinariya. 'Yar'uwarta malalaciya ta bi hanyar, aka yi mata ruwan kwalta. Ai 'yar bora ce da 'yar mowa, sun sāke tufafi kawai. Har yau 'ya'yansu suna karanta ta, suna kallonta a majigi. Tamu ma tun 1885 wani mai suna Schön ya buga waɗansu a Ingila cikin littafin Magana Hausa, da yawa daga bakin Dorugu, yaro daga ƙasar Damagaram wanda ya bi matafiyin nan Barth zuwa Turai. Yaro a baƙuwar ƙasa, cikin sanyi, ba uwa ba uba, abin da ya rage masa na gida shi ne abin da ya ji a kan tabarma.

Kada wani ya ce ai abin da ke cikin waya ma labari ne, mene ne bambanci? Ni ban ce a fasa waya ba, ina da ita, ina jin labarin duniya da ita. Amma waya ba ta san yaron ba. Iya ta san wanda ya ƙi zuwa aike da hantsi, ta san wadda ta hana ƙanenta rake, da dare kuwa tatsuniyar da za ta zaɓa ba a banza ta zaɓe ta ba. Tana duban fuskokinsu, in ta ga ƙaramin ya tsorata ta sassauta Dodo, in ta ga mai laifin ya sunkuyar da kai ta wuce wurin da sauri, don ba so ta ke ta kunyata shi ba. Kafin ta fara sai an amsa mata, in ta kai waƙa sai an karɓa, wanda ya katse ta 'yan'uwansa su ce ya yi shiru. Zaman kansa makaranta ne: yaro ya zauna a gaban babba, ya jira, ya saurara, ya yi magana sa'ad da ya kamata. Waya kuwa in ta gundure shi sai ya shafa ta da yatsa ta kawo wani abu. Wanda ya saba da shafe mai magana da yatsa, yaya zai yi da malaminsa, yaya zai yi da uwarsa ran da ta tsufa ta fara maimaita zance?

Littafi ma, da na ke ta yabo, bai isa ba shi kaɗai. Tatsuniyar da ke cikin littafi kamar hatsi ne a rumbu, sai an ɗebo an surfa an dafa. Nan ne aikinku ya ke, ku da Allah ya ba karatu da girma, domin kuna da abin da yaran makaranta ba su da shi, kun ji tatsuniya a bakin masu ita, yanzu kuma kun iya rubutu. Ku sayi littafin rubutu na musamman. Ku zauna wurin tsofaffin gidanku, ku roƙe su su faɗa, ku rubuta yadda suka faɗa, da Zazzaganci ko Katsinanci ko Sakkwatanci, kada ku gyara musu baki. Ku sa sunan garin da tsohuwar ta tashi da shekarar da kuka rubuta. Waƙoƙin ciki su ne suka fi saurin ɓacewa, a fara da su. In za ku ba yara, ku karanta tukuna ku kaɗai, ku rufe littafin, ku faɗa da ka kuna dubansu. In kun kai ƙurunƙus ku tsaya nan. Kada ku bi ta da wa'azin cewa darasin wannan labari shi ne kaza da kaza, kamar yadda a ke yi a waɗansu littattafan makaranta. Yaron ya riga ya gane, in kuka tauna masa sai ya tofar.

Ni na fara da Iyar maƙwabcina. Na nemi izninsa, ya ce in dai don rubutu ne ba laifi, da ya ke abin ya zama na takarda sai ya ga darajarsa. Ina zuwa ran Alhamis da dare, in zauna daga bakin ƙofa, ita tana ciki, jikoki kuwa ba wanda ya kira su, su ke zagaye ta. Mun rubuta goma sha ɗaya. Ta goma sha biyu ita ce ta Auta da Dodo, mun kai inda Dodo ya ke zagaya gari da dare yana waƙa, Auta yana amsa masa daga cikin ɗaki, sai ta tsaya, ta ce waƙar ta kwance mata, rabonta da yin ta tun Malam yana goye. Na bar mata layi shida ba rubutu. Makon jiya da na tashi tafiya, na iske maigidan tsaye a soro cikin duhu, ya ce mini yana jin kamar ya tuna farkon amshin, amma sai ya tambayi yayarsa da ke aure a Giwa.